Hoton Biki: A Yanka Kuɗi, Sa'an Nan a Yi Zumunci

'Yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana wadda wani zai ga ba ta isa a ɓata mata shafi a mujalla ba. Maganar kuɗin hoton biki ce, musamman idan mai ɗaukar hoton ɗan'uwa ne ko abokin masu bikin. Ni ma da haka na ɗauke ta, har sai da ta hana ni taka ƙofar gidan kawuna ranar Salla, gidan da tun ina rarrafe nake shiga. To, abin da zai hana mutum gai da kawunsa ranar Salla ai ya wuce a kira shi ƙarami.

Ni mutumin Kankiya ne, garin da ke kan hanyar Kano zuwa Katsina, dangin mahaifiyata kuwa suna wani ƙauye a ƙasar Kusada. Shekara uku ke nan ina ɗaukar hoto a lokutan hutu, da abin da nake samu nake biyan kuɗin rajista, in sayi takardu, in rage wa mahaifina nauyi. Kyamarar da nake aiki da ita ta hannu ce, adashi na shiga kafin na mallake ta.

A hutun Disamban da ya wuce aka sa bikin 'yar kawuna, taubashiyata. Saura mako biyu Kawu ya zo gidanmu, bayan an gaisa ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, maganar hoto ai ba sai mun nemo bare ba, ga ka a gida." Na ce, "To, Kawu, Allah Ya kai mu." Iyakar cinikin da aka yi ke nan. Shi bai tambayi nawa ba, domin a ganinsa tambayar cin fuska ce gare ni. Ni kuma ban faɗa ba, domin a ganina faɗar rashin kunya ce. Kowannenmu ya yi wa ɗan'uwansa kara, karar kuwa ta bar mu cikin duhu.

A cikin makon nan wani mutumin Rimaye ya nemi in yi masa aikin auren ƙanensa, har ya miƙo kafin alƙalami, na ba shi haƙuri. Kwana uku na yi a tsaye: ranar kamu, ranar ɗaurin aure da wuni, da ranar da aka kawo amarya Kankiya. Na ɗauki hoto fiye da 1,000. Na yi hayar fitilar kyamara daga wani abokin sana'a, na yi ta zirga-zirga a kan babur don cajin batir, tuwon bikin ma a tsaye na ci shi. Da aka watse Kawu ya ja ni gefe, ya sa mini albarka, ya danƙa mini Naira 5,000 ya ce, "Ga wannan ka sha ruwa." Na durƙusa na karɓa, na yi godiya.

Ba a rufa mako ba saƙo ya fara zuwa. Amarya tana son albam irin na ƙawarta, uwar amarya tana son babban hoto mai firam na ratayewa a bango, abokan ango kowa yana son a tura masa nasa ta WhatsApp. Albam mai kyau sai an je Kano ko Katsina a buga, kuɗinsa kuwa ya ninka abin da aka ba ni sau da yawa. Ga makaranta ta koma, kuɗin rajista yana jira. Na kasa cewa a kawo kuɗi, na kuma kasa bugawa da nawa. Sai na shiga kame-kame, yau in ce kwamfuta ta lalace, gobe in ce jarrabawa ta sha mini kai. Su kuwa can aka fara cewa boko ya sa wa yaron nan girman kai. Azumi ya zo ya wuce, ranar Salla na zaga dangi kaf, na tsallake gida ɗaya.

Abin da ya buɗe mini ido wani ɗan littafi ne. Mahaifiyata, da yake ita ce gwaggon amarya, a hannunta aka bar littafin da aka rubuta gudummawar biki. Ruwa ya taɓa shi, sai ta ce in kwafe mata a sabo kafin ta mayar wa uwar amarya. Na zauna ina kwafa: wance turmin atamfa, wance kwalla, wance tiyar shinkafa biyu, wance Naira 500. Ba wadda aka manta. Na kai ƙarshe ban ga sunana ba. Wadda ta kawo Naira 500 tana ciki, ni da na ba da mako guda cur ba na ciki. Ban kuwa zarge su da mugunta ba, domin ba su san abin da za su rubuta ba, tun da ban taɓa gaya musu kimar abin da na kawo ba.

Daga nan na tsai da ra'ayin da nake so in kare a wannan shafi. Duk mai sana'ar hoto ya faɗa wa ɗan'uwa da aboki cikakken kuɗin aikinsa, kamar yadda zai faɗa wa bare, tun ranar da aka yi masa maganar. Sa'an nan ya yafe abin da ya ga zai iya yafewa, ko rabi ne ko duka, kowa ya san wannan ita ce gudummawarsa.

Al'adarmu ta san lada

Masu cewa faɗa wa ɗan'uwa kuɗi baƙuwar ɗabi'a ce da boko ya kawo, ina jin ba su dubi al'adar da kyau ba. Wanzamin gida, wanda ya gaji yi wa zuri'a aski tun daga kakanni, yana da rabonsa sananne ranar suna. Ungozoma tana da nata. Mai ƙunshi da makaɗi da maroƙi, ba wanda ke barin gidan biki hannu rabbana. Ko aikin gayya, wanda muke kafa misali da shi idan ana zancen taimakon juna, ai mai gona yakan ciyar da 'yan gayya, ya shayar da su fura, ya kuma san ranar da aka kira gayyar wani tilas ya saɓi fartanyarsa ya tafi. Bikin da mata ke yi wa juna kuwa bashi ne mai rai, abin da mace ta kai wa ƙawarta yau za a maido mata ranar nata, sau da yawa har da ƙari. Dalilin rubutawa ke nan.

A bar ta gudummawa ma, dubi sadaki. Babu alaƙar da ta kai aure kusanci, amma a gaban liman da waliyyai da taron shaidu ake faɗin adadinsa, a kuma bayyana ko lakadan ne ko ajalan, maroƙi ya ɗaga murya ya isar wa na nesa. Ba mu taɓa jin an ce wannan ya rage wa amarya daraja ba. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa daga sharuɗɗan ijara, watau ɗaukar mutum aiki don lada, akwai sanin aikin da sanin ladan tun kafin a fara. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana, ba ta kuwa ware dangi ba. Ashe yin shiru a kan kuɗi shi ne baƙon abu a cikinmu.

Inda kuɗin ya ɓuya

To, yaya aka yi mai hoto ya faɗo daga wannan tsari? A ganina sauyin kayan aiki ne ya jawo. Dattawan sana'ar suna ba mu labarin zamanin fim, lokacin da naɗi ɗaya hoto 24 ko 36 yake ci, kowace dannawa kuɗi ce, idan ya cika sai a shiga mota a kai shi birni a wanke. Mai biki yana ganin fim da idonsa, ya san saye ake yi, saboda haka ko ɗan cikinsa ne mai hoton zai ba da kuɗin fim da na wanki ba gardama. Bisa kati kuma ake yanka kuɗi, wanda ya ga fuskarsa ya biya ya ɗauka.

Haka abin yake a sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Malick Sidibe na birnin Bamako a ƙasar Mali, wanda a 2007 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a babban taron nunin fasaha na birnin Venis a Italiya, da hotunan bukukuwa da wuraren rawar samari ya yi suna a shekarun 1960 da 1970. Yakan raba dare yana ɗauka, ya koma ya wanke, ya lilliƙa ƙananan samfura a kan takarda ya sa musu lamba, samari da 'yan mata su zo shagonsa kowa ya zaɓi nasa ya biya. Da yawansu ya san su sun san shi, sanayyar kuwa ba ta hana ciniki ba.

A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak a Amurka, mai suna Steven Sasson, ya haɗa kyamarar farko marar fim. Abin ya girma har ya cinye kasuwar fim, kamfanin da kansa ya bayyana karyewar jarinsa a 2012. Mu nan kuma wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, yau ga shi kusan kowane saurayi yana yawo da kyamara a aljihu. Sai jama'a suka ɗauka tun da fim ya tafi, kuɗi ma ya bi shi, abin da ya rage dannawa ce kawai. Alhali kuwa kuɗin yana nan, ɓuya ya yi inda mai biki ba ya gani. Bari mu tono shi, kashi huɗu ne.

Na farko, abin da ke fita daga aljihu nan take: man babur, kuɗin mota zuwa Kano mai nisan fiye da kilomita 100 daga Kankiya, caji, data, hayar abin da ba ka da shi, da kuɗin bugawa. A watan Mayu na 2023 litar fetur a farashin hukuma ba ta kai Naira 200 ba. Ranar 29 ga watan Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafi, kafin ƙarshen 2024 lita ta haura Naira 1,000. Dalar Amurka, wadda take wajen Naira 460 a farashin hukuma a Mayun 2023, ta haura Naira 1,500 a Fabrairun 2024. Kyamara da batir da kayan gyara kuwa duk daga waje ake shigo da su. Wanda har yanzu yake riƙe da farashin 2022 a kansa, da aljihun mai hoto yake yin bikinsa.

Na biyu, tsufan kayan aiki. A cikin kyamara akwai wani ɗan marufi da ke buɗewa ya rufe a kowace dannawa, yana kuwa da iyakar kwana. Galibin kyamarorin da irinmu ke iya saye, masu ƙera su sun ƙiyasta musu dannawa kamar 100,000 zuwa 150,000. Idan biki ɗaya yana cin 1,000, ke nan bayan biki 100 zuwa 150 za ta nemi babban gyara ko canji. Mu ƙaddara an sayi kyamara da gilashinta da fitilarta Naira 600,000, ta kuma yi biki 120. Kowane biki ya ci Naira 5,000 ke nan daga jikinta. Watau abin da Kawu ya ba ni in sha ruwa, kyamara ce ta shanye shi.

Na uku, lokaci. Mai biki yana ganin kwana ukun da aka yi a tsaye, ba ya ganin kwana ukun da za a yi a gaban kwamfuta ana tsince hoto 200 daga cikin 1,000, ana gyara haske da launi ɗaya bayan ɗaya, ba ya kuma ganin yinin da za a ɓata a hanyar Kano. Kwana bakwai ke nan. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a dokar da ta mai da albashi mafi ƙanƙanta Naira 70,000 a wata. Idan aka raba shi bisa ranakun aiki 22, kowace rana ta tashi wajen Naira 3,200, kwana bakwai kuwa Naira 22,400. Wannan fa ladan ma'aikacin da ke matakin ƙarshe ne, wanda ba shi ya sayi kayan aikinsa ba.

Na huɗu, ranar da aka rasa. Kowa ya san biki a ƙasarmu yana da lokaci: bayan kaka idan amfanin gona ya shigo gida, gab da azumi, bayan Salla, da hutun ƙarshen shekara. Ɗaurin aure kuma yawanci Jumma'a ne ko Asabar ko Lahadi. Ranakun da mai hoto ke samun abincin shekara ƙidayayyu ne, ɗalibi kuwa nasa sun fi na kowa ƙaranci. Duk ranar da ya ba ɗan'uwa, ya hana wa mai biya ita, kamar yadda na mai da mutumin Rimaye da kuɗinsa.

Idan aka haɗa waɗannan huɗu aka ɗora 'yar riba, shi ne kuɗin aiki. Adadin zai bambanta daga mutum zuwa mutum, gwargwadon ƙwarewa da kayan aiki, amma hanyar lissafin ɗaya ce. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, in dai an nuna masa abin da zai kimanta.

Abin da masu ja da ni za su ce

Na san za a ce mini, "Wanda ya raine ka bai yanka maka kuɗi ba." Gaskiya ne, ba ni da bakin musu. Kawun nan shi ya saya mini takalmin da na fara zuwa sakandare da shi, ba kuwa zan iya biyansa da hoto ba. Don haka ne ban ce a karɓi cikakken kuɗi daga kowa ba, cewa na yi a faɗa. Iyaye, da waɗanda kuka fito ciki ɗaya, da marayu, da wanda ka san ba shi da hali, in ka yafe musu ladan hannunka duka ka kyauta, Allah Ya ba da lada. Amma kyautar da mai ita ya ware da bakinsa tana da daɗi ga mai bayarwa da mai karɓa, wadda kunya ta ƙwace kuwa ciwo take bari a zuci, ciwon kuma a kan zumuncin yake fashewa.

Za a kuma ce, "Ai a bikin dangi ka koyi aikin, talla ce ake yi maka." Wannan ma akwai gaskiya a ciki ga biki na farko da na biyu, lokacin da mutum yake ɓata hoto fiye da yadda yake gyarawa. Mai koyo ya faɗi cewa koyo yake, a biya masa kuɗin kashewa kawai. Sai dai a lura, tallar kyauta masu neman kyauta take kirawa. A gari kamar Kankiya ko Kusada, idan aka bi salsala kowa ɗan'uwan kowa ne, in ba ta jini ba ta aure, in ba ta aure ba ta makarantar allo ko zama aji ɗaya. Daga Yashe zuwa Mawashi, daga Kafarda zuwa Rimaye, da wuya ka shiga gidan biki ka rasa wanda zai ce maka "yaronmu". Idan na gida ba ya biya, to, wa ya rage ya biya? Sa'an nan mu ɗalibai mu tuna akwai masu hoton da wannan ce kaɗai sana'arsu, suna da mata da 'ya'ya da kuɗin hayar shago. Duk bikin da muka yi a banza don kunya, mun karya musu farashi, mun koya wa gari cewa aikinsu ba shi da kima.

Wani kuma zai ce, "In ya ƙi ai kowa yana da waya." To, madalla, wanda hoton waya ya ishe shi ba a yi masa dole ba. Amma mu tambayi kanmu abin da ya sa dangi suka fi son na gida. Ɗan'uwa ne kaɗai zai shiga cikin gida har tsakar mata ranar kamu da ranar lalle ba a ɗaga gira ba. Shi ya san wace ce kaka, wace ce uwar ɗaki, wace ce za ta yi fushi idan ba ta fito a hoto ba. Shi aka amince wa cewa hoton matan gida ba zai yi yawo a wayoyin samari ba. Wannan amana ce da ba a saya a kasuwa. Abin mamaki ne a ce abin da ya sa aka fifita mutum shi ne kuma dalilin da za a hana shi haƙƙinsa.

Masu bikin ma su sani hasarar ba ta tsaya ga mai hoto ba. Aikin da ba a biya ba shi ne kullum a ƙarshen layi, domin wanda ya ba da kafin alƙalami yana da bakin tambaya. Idan hoto ya fito da duhu, ko aka manta da dangin ango, wanda bai biya ba ba shi da ta cewa, sai dai ya haɗiye ya riƙe a ciki. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Tuwon biki in ya yi gishiri a yi wani gobe, amma ranar ɗaurin aure ba ta dawowa a sake ɗauka.

Namu laifin

Ba zan yi adalci ba idan na ɗora wa dangi laifi duka. Mu masu hoto muna da namu. A cikinmu akwai mai yanka kuɗi bisa girman rigar mutum ko motar da ya zo da ita, har jama'a suka daina yarda cewa akwai tsayayyen farashi. Akwai mai karɓar biki biyu rana ɗaya, ya tura yaron da bai iya ba zuwa ɗayan. Akwai mai riƙe albam wata shida. Akwai mai sa hoton amarya a Facebook ko TikTok don neman kasuwa ba da izinin mijinta ko nata ba. Akwai mai ajiye hotunan biki a wuri ɗaya tak, ranar da abin ya lalace sai ya zo da "Allah Ya ƙaddara". Wanda yake so a biya shi a matsayin mai sana'a, wajibi ne ya riƙe alkawari irin na mai sana'a.

Shawarata ga 'yan'uwana masu kyamara ita ce 'yar takarda ɗaya, tun ran gini tun ran zane. A rubuta ranaku da bukukuwan da za a ɗauka, yawan hotunan da za a gyara, ko akwai albam da firam ko babu, da ranar da za a kawo aiki. A rubuta cikakken kuɗi, a ƙarƙashinsa a rubuta ragin da aka yi da sunan gudummawa, sa'an nan abin da ya rage, rabi kafin biki rabi ranar karɓa. Wanda yake jin nauyin dubar idon babba ya yi maganar kuɗi, ai al'ada ta ba mu mafita. Neman aure ma ba saurayi ke zuwa da bakinsa ba, wakilai ake turawa. Ka ba mahaifiyarka ko yayanka ko babban abokin ango takardar ya kai, kunya ta tsira, gaskiya ta isa. Idan kuwa ka ga bikin ya yi maka kusa ƙwarai, ba laifi ka ce, "Kawu, wannan karon ina so in zo a matsayin ɗa, in zauna cikin 'yan'uwa. Ga wani abokin sana'ata, na yarda da aikinsa."

Ku kuma matasan ma'aikata, ku ne masu aure a bana da baɗi, daga gare ku gyara zai fi sauƙin farawa. Kun san yadda gida yake zama idan albashi ya yi jinkirin mako guda. Kada ku jira ƙaninku ko abokinku ya haɗiye kunya, ku riga shi da tambaya, ku ce, "Nawa kake yi wa mutane?" In ya ce a bar shi, ku nace sai ya faɗa, sa'an nan ku karɓi ragin da ya yi muku da godiya. Maganar ba ta tsaya ga hoto ba. Ta shafi ƙanwarku mai ɗinki da ake jibga wa ankon biki, da mai ƙunshi, da mai gyaran waya, da ɗalibin makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya da ake tasa da tsakar dare. Muna ta kuka cewa aikin gwamnati ba zai ishi kowa ba, matasa su kama sana'a. Sana'ar da dangi suka cinye jarinta tun tana jaririya, yaushe za ta girma har ta ɗauki wani aiki?

Ni dai bayan Salla da mako biyu na rubuta lissafina a takarda, na ja layi a kan ladan hannuna na rubuta "gudummawa", na bar kuɗin bugawa da na mota, na ba mahaifiyata ta kai. Kwana biyu Kawu ya aiko kirana. Na tafi gabana yana faɗuwa. Na same shi a zaure da takardar a hannu, ya daɗe yana dubanta, sa'an nan ya ce, "Kai ɗan nan, ashe haka abin yake? Me ya hana ka faɗa tun farko? Ni na zaci dannawa ce kawai." Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, nauyi na ji." Ya ce, "Nauyin da ya hana ka gaishe ni da Salla ai ya fi wannan takarda nauyi." Ya biya kuɗin bugawa kashi biyu, ya kuma sa aka ɗauko littafin gudummawa aka ƙara sunana.

Ban ce kowane kawu haka zai karɓi magana ba. Wani zai yi fushi, wani zai ce an yi masa rashin kunya, wani ma ya tafi ya nemi bare ya biya shi ninki biyu ba ko taya. Amma fushin yini ɗaya kafin biki ya fi gabar wata huɗu bayansa sauƙi, na kuwa ɗanɗana na sani. An ce zumunta a ƙafa take. To, mu kawar da abin da zai ɗaure ƙafar. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ƙara mana danƙon zumunci, amin.